Yankari ko Mambilla: Amsa ga Angon da Ya Zaɓi Tafiya Maimakon Shagalin Biki

Ɗan'uwa, Allah Ya sanya alheri, Ya kai mu ranar lafiya. Tambayarka, kamar yadda na fahimce ta, ita ce kai da wadda za ka aura kun amince, iyaye kuma sun yarda, cewa za a ɗaura aure a gida gaban waliyyi da shaidu, a yi 'yar walima, ba tare da an kama ɗakin taro ko an yi dina ba. Kuɗin da za su tafi a can kuna so ku yi tafiyar mako guda da su daga Kano zuwa wani wuri mai kyan gani, ku huta, ku ɗauki hotuna. Kun tsaya tsakanin Yankari da tsaunin Mambilla, kuma manya sun ba ku zaɓi tsakanin farkon Nuwamba da ƙarshen Maris.

A ganina watan da kuka tsayar shi ne zai zaɓa muku wurin, domin kowanne daga cikin wuraren nan biyu yana da lokacin da yake nuna kyansa, kuma lokutan nasu sun saɓa da juna. Farkon Nuwamba na Mambilla ne, ƙarshen Maris kuma na Yankari. Bayan wannan sai maganar tsawon hanya, wadda za ta iya rushe lissafin gaba ɗaya, kuma zan zo kanta.

Mambilla tana cikin Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, a kan iyaka da Kamaru, kuma babban garinta shi ne Gembu. Yankin ya shigo Najeriya ne bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961. Tsayin tudun ya kai kimanin mita 1,600 daga doron teku, abin da ya sa da wuya zafin rana ya wuce digiri 25, dare kuma sai da bargo mai kauri. Abin da ido yake gani a can tuddai ne masu santsi, ɗaya bayan ɗaya har iyakar gani, an lulluɓe su da gajeriyar ciyawa, da garkunan shanu a warwatse, da layukan bishiyar turare, da ƙoramu a cikin kwaruruka. Akwai gonar shayi ta Kakara, inda ake sarrafa Highland Tea, wadda layukanta suke yin kyau ƙwarai a hoto, akwai kuma kurmin Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa, ɗaya daga cikin 'yan kurmin kan tsauni da suka rage a ƙasar nan. Duk wannan kyau ya dogara ne da koren ciyawa, koren ciyawa kuma ya dogara da ruwa.

Daminar Mambilla doguwa ce, tana farawa tun wajen Maris ko Afrilu, ba ta ɗaukewa sai wajen ƙarshen Oktoba. A tsakiyarta, wato Yuli zuwa Satumba, tuddan suna kan ganiyar kyansu, amma ruwan yana iya wuni yana zuba, hazon gajimare ya rufe komai, hanyoyin ƙauyuka su zama taɓo mai santsi wanda ko ɗan acaɓa na gari yana jin jiki a kansa. Idan aka shiga Disamba da Janairu kuwa, ciyawa ta bushe, an fara cinna wa daji wuta domin sabon tsiro ya fito wa dabbobi, ƙurar hunturu kuma ta mayar da sararin sama fari-fari, sai ka ga tudun da ke gabanka kawai, na bayansa ya ɓace. Tsakanin waɗannan biyun akwai 'yan makonni, daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, da ruwa ya ja baya, ƙasa ta fara tsanewa, ciyawa na nan da korenta, sama kuma a wanke take. Farkon Nuwamban da aka ba ku ya faɗo daidai cikin wannan ɗan tsakanin, kuma ban san wani lokaci da ya fi shi dacewa da abin da kuke nema ba. Ƙarshen Maris a Mambilla ba laifi ba ne, musamman ga wanda ya baro zafin Kano, domin sanyin wurin kaɗai hutu ne, amma a lokacin ruwan farko ne yake sauka, sabuwar ciyawa tana leƙowa a tsakanin ƙonannun wurare, tuddan ba su gama komawa kamanninsu ba.

Yankari kuma lissafinta akasin haka ne. Gandun yana cikin Ƙaramar Hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 2,244, an keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a 1991, sannan aka mayar wa jihar a 2006. Abin da ake zuwa gani a can namun daji ne: giwaye, waɗanda garkensu yana cikin mafi girma da suka rage a Najeriya, da ɓauna, da gwanki, da gwambaza, da dorina, da kada, da tsuntsaye iri-iri. Dabbobin nan ba a keji suke ba, saboda haka ganinsu ya danganta da inda ruwa yake. A farkon Nuwamba damina ba ta daɗe da wucewa ba, ciyawa ta fi mutum tsawo a wurare da yawa, akwai ruwa a kowane tafki da kududdufi, dabbobi sun bazu cikin daji ba abin da ya tilasta musu zuwa wuri ɗaya. Kana iya fita zagaye da motar gandun sau biyu ka dawo ba ka ga giwa ba, sai kashinta da rassan da ta karya. Amma daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da tafkuna suka ƙafe, ciyawa ta kwanta, kogin Gaji da maɓuɓɓugan da ke zuba cikinsa ne kawai suke riƙe da ruwa, don haka dabbobin suke tattaruwa a kwarinsa safe da yamma. Farashin wannan shi ne zafin bazara, wanda yakan kai digiri 40 da rana, kuma ku sani daga ƙarfe goma sha ɗaya zuwa la'asar ba abin da za ku yi sai zama a inuwa ko shiga ruwa.

Ruwan shi ne Wikki, kuma shi ne abin da Yankari take da shi wanda Mambilla ba ta da kwatankwacinsa. Maɓuɓɓuga ce da ke fitowa daga ƙarƙashin wani dutse dab da masaukin baƙi, ɗuminta yana tsaye a kan digiri 31 dare da rana, rani da damina, tana fitar da kimanin lita miliyan 21 a kullum, ruwan garai-garai har kana ganin yashin ƙasa. Da sanyin asubar Nuwamba jinsa za ka yi da ɗumi, da zafin Maris kuma ka ji shi da sanyi-sanyi. Sai dai akwai abin da ya kamata ku tattauna da amarya tun kafin ku tashi: wurin wankan na kowa da kowa ne, maza da mata, kuma a ranakun Asabar da Lahadi da lokutan hutu, irin su Sallah, Kirsimeti, sabuwar shekara da Ista, yakan cika da ɗalibai da 'yan yawon buɗe ido. Wanda yake son sirri da natsuwa ya je tsakiyar mako, ya sauka ruwan da sassafe. Ista takan faɗo a ƙarshen Maris ko cikin Afrilu, azumi ma a 'yan shekarun nan yana zagayowa ne a wajen Fabrairu da Maris, saboda haka ka duba kalandar shekarar da kyau kafin a tsayar da rana.

Ta fuskar sirri Mambilla ta fi. Baƙi kaɗan ne suke hawa, kuma kuna iya tsayawa a kan tudu ku yi awa guda ba ku ga kowa ba sai makiyayi daga nesa. Amma filin da ya yi kama da wanda ba shi da mai shi, a gaskiya yana da shi, kuma maganar ƙasa a can ba abin wasa ba ce, domin rikicin da ya ɓarke a watan Yuni na 2017 tsakanin manoma da makiyaya a kanta ya samo asali. Kada ku tsallake shinge ko ku shiga gonar shayi da kyamara sai kun nemi izini, kuma ku ɗauki ɗan gari ya yi muku jagora. Hausa za ta kai ku ko'ina a Gembu da Nguroje, ko da yake Fulatanci ya fi yawa a bakin mutane.

Yanzu maganar hanya, wadda a nan ne yawancin masu mafarkin Mambilla suke sauka. Daga Kano zuwa Bauchi kimanin kilomita 300 ne, daga Bauchi kuma a bi hanyar Gombe zuwa Dindima, a karya zuwa ƙofar gandun a Mainamaji, sannan a ƙara kimanin kilomita 40 a cikin daji kafin a isa masaukin Wikki. Wanda ya bar Kano bayan sallar asuba zai yi la'asar a can. Mako guda ke nan ya ba ku kwana biyar cikakku na hutu, har ma sun yi yawa, domin bayan zagayen ganin dabbobi, da kogunan Marshall da aka sassaƙa a jikin dutse, da tsoffin rijiyoyin Dukkey, kwana uku sun isa a ga abin da ke akwai. Mambilla kuwa sai an bi Bauchi, Gombe, Numan, a kwana a Jalingo, washegari a kama hanyar Bali da Serti, a isa Mayo Selbe, inda hawan yake farawa, hanya tana nannaɗe jikin dutse da kwanoni masu kaifi har zuwa Maisamari, sannan Nguroje da Gembu. Kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa, saura uku. Amaryar da ta fito daga gajiyar hidimar aure, a sa ta a mota kwana huɗu cikin bakwai, tana iya dawowa da tunanin hanya fiye da tunanin tuddai. Hawa jirgi zuwa Jalingo yana rage wahalar doguwar tafiyar mota a kowane ɓangare, amma yana cin kuɗin da kuka ce kuna tattali, kuma wunin hawan dutsen yana nan babu makawa. Idan za ku je da motarku, a duba birki da tayoyi sosai, domin saukowa ta fi hawa haɗari, kada kuma ku bari dare ya same ku a kan hawan. Idan amarya tana jiri a mota, ku tanadi magani.

Game da Chappal Waddi, tsauni mafi tsawo a Najeriya mai mita 2,419, wanda yake cikin gandun Gashaka-Gumti a gefen Mambilla, shawarata ku bar shi zuwa wata tafiyar. Hawansa tafiyar kwanaki ce a ƙafa tare da jagora da kwana a daji, ba abin da za a haɗa da makon farko na aure ba ne.

Masauki a Yankari wuri ɗaya ne, ɗakuna masu daraja daban-daban a sansanin Wikki, kuma ya kamata ka kira ka kama ɗaki tun da wuri, ka tambayi halin wuta da ruwa a lokacin, musamman idan Maris ne, domin daren bazara ba fanka ba ƙaramin abu ba ne. Maƙwabtanku a can birai ne, manyan bika waɗanda suka saba da mutane, suna fizge leda daga hannu, suna kuma shiga ɗakin da aka bari a buɗe, sai gadu da ke yawo tsakanin gine-gine. A cikin daji akwai ƙudan tsando, don haka a sa tufafi masu dogon hannu, a guji baƙi da shuɗi mai duhu, waɗanda su ne launukan da suke jawo shi. A Gembu da Nguroje ƙananan masaukai ne, tambayar da za ka yi a can kuma ita ce ta ruwan zafi da bargo. Sauro kaɗan ne a saman tudun, amma akwai shi a Jalingo da Serti. A duka wuraren biyu sabis ɗin waya yana zuwa yana ɗaukewa, saboda haka a riƙe tsabar kuɗi, kada a dogara da tura kuɗi ta waya.

Tsaro kuma abu ne da yake sauyawa daga wata zuwa wata, kuma an sha samun rahotannin 'yan bindiga a dazukan Alkaleri da wasu sassan Taraba. Mako guda kafin tafiya ka tambayi direbobin tasha da ma'aikatan wurin da za ku sauka, ku yi tafiyar rana kawai, ku kuma bar wa iyaye bayanin inda za ku kwana kowane dare.

Idan ni ne kai, zan nemi a ɗaura auren a farkon Nuwamba, a bar amarya ta yi kwanakinta na farko a ɗakinta kamar yadda aka saba, 'yan'uwa su gama zuwa ganin ɗaki, sannan a tashi zuwa Mambilla kafin tsakiyar wata, da sharaɗin a mayar da tafiyar kwana tara ko goma. Idan hutun aikinka ba zai wuce mako guda ba, to ka zaɓi Yankari ko da a Nuwamban ne, ku je domin ruwan Wikki da sanyin safiya, ganin giwa ya zama ƙari idan Allah Ya sa. Idan kuwa manya suka tsayar da Maris, Yankari ce kai tsaye, ku isa ranar Litinin, ku nemi motar zagayen farko ta safe tun daren da kuka sauka.