Man ilan-ilan na tsibirin Mayot a Damagaram: ƙamshinsa da dalilin tsadarsa

Masu haɗa humra da turaren wuta a Damagaram sun saba da sandal da al'ud da miski da farce, amma man ilan-ilan, wanda ake tatsowa daga furen wata itaciya, baƙo ne ga yawancinsu, ko da yake sun sha jin ƙamshinsa cikin turarukan Faransa ba tare da sun san sunansa ba, domin yana cikin abubuwan da ake haɗa Chanel N°5 da su. Wani shagon turare da ke kusa da Kasuwar Dole ya fara kawo shi cikin ƴan kwalabe masu duhu na mililita 10, kowace a kan jaka 9, kuma an rubuta a jikinsu cewa daga Mayot ya fito. Na saya na gwada, kuma a ganina mai ne na gaske mai inganci, sai dai ba kowa ya kamata ya zuba kuɗinsa a kansa ba.

Launinsa rawaya ne mai haske, kuma ba shi da kauri irin na al'ud. Da an buɗe kwalbar ƙamshin yakan bugi hanci da ƙarfi, mai zaƙi da nauyi, har da wani ɗan kaifi kamar na magani, wanda zai iya sa mai saye ya mayar da murfi ya ce ba ya so. Bayan ɗan lokaci kaifin yakan lafa, a bar ƙamshin fure mai taushi wanda ya ɗan yi kama da na ayaba nunanna. Na ɗiga ɗigo guda a bakin mayafi da safe, kuma duk da zafin ranar garin nan, ƙamshin bai gushe ba har bayan la'asar. A cikin humra ya fi burge ni, domin yana tausasa sandal kuma yana rufe ƙarnin farce. A kan garwashi kuwa asara ce, saboda wuta tana cinye shi nan take ta bar ƙauri.

Tsadarsa ce za ta fi damun mai saye, kuma ba za a fahimce ta ba sai an san ƙasar da ya fito. Mayot tana cikin Tekun Indiya, tsakanin Madagaska da gaɓar Mozambik, kuma ɗaya ce daga tsibiran Komoro. Manyan tsibiranta biyu ne, babban yana ɗauke da birnin Mamudzu, ƙaramin kuma yana da filin jirgin sama, kuma faɗinta duka bai wuce murabba'in kilomita 374 ba, amma bisa ƙiyasin hukuma mutanenta sun haura 300,000. Kusan dukansu Musulmi ne mabiya mazhabar Shafi'iyya, suna magana da Shimawore, wanda ɗan'uwan Suwahili ne, da Kibushi mai asali daga Madagaska. Faransa ta karɓi tsibirin a 1841. Da sauran tsibiran Komoro suka zaɓi ƴancin kai a ƙuri'ar 1974, mutanen Mayot suka zaɓi zama da Faransa, suka sake tabbatar da haka a 1976, kuma a 2011 ta zama jiha ta 101 ta Faransa, duk da cewa ƙasar Komoro har yau tana cewa tata ce.

Wannan tarihi yana cikin farashin kwalbar. Da hannu ake tsinkar furen ilan-ilan, da sassafe kafin rana ta kwashe ƙamshinsa, kuma ana datse itatuwan a lanƙwasa rassansu ƙasa domin hannun masu tsinka, waɗanda yawancinsu mata ne, ya kai. Sai an tara kilo 40 zuwa 50 na fure kafin a samu kimanin lita guda ta mai, bayan an dafa shi cikin tukunyar tururi na sa'o'i masu yawa. A Mayot da kuɗin yuro ake biyan ma'aikaci, kuma da mafi ƙarancin albashi da doka ta yanka, alhali a tsibirin Anjuwan na ƙasar Komoro, wanda tazararsa ba ta wuce kilomita 70 ba, ladan aiki ƙanƙani ne. Saboda haka gonakin Mayot suka yi ta raguwa, kasuwar ta koma hannun Komoro da Madagaska, tsibirin da a da ake yi wa kirari da tsibirin turare ya zama ya dogara da albashin gwamnati da kuɗin da Faransa ke turowa. Duk da haka ita ce jihar da ta fi talauci a Faransa, inda kusan kashi 77 cikin 100 ke ƙasa da ma'aunin talauci na ƙasar, kuma mutanen Anjuwan na ci gaba da shiga ƙananan jiragen ruwa da ake kira kwasa-kwasa domin isa can, da yawa suna halaka a teku. Sannan guguwar Chido ta 14 ga Disamba 2024 ta rushe gidaje ta kuma tumɓuke itatuwa a gonaki, lamarin da ya ƙara wa manoman da suka rage wahala.

Ganin yadda man Mayot ya yi ƙaranci, dole mai saye ya nemi hujja kafin ya yarda da abin da aka rubuta. Na ce wa mai shagon, “Alhaji, ina shaidar cewa na Mayot ne ba na Anjuwan ba?” Bai ɓata rai ba, ya ɗauko kwalin da kayan suka zo ciki daga Faransa, ya nuna mini sunan ƙasar asali da lambar haɗi, ya kuma ce, “Hajiya, abin da na gani a rubuce shi zan iya rantsuwa a kansa.” Wannan gaskiyar ta sa na ƙara amincewa da shagon. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne takardar ba ta faɗi darajar man ba, alhali ilan-ilan hawa-hawa ne: wanda ya fara fita daga tukunya shi ne mafi daraja, sai na ɗaya da na biyu da na uku, kuma na ƙarshen a sabulu aka fi amfani da shi. Mai biyan jaka 9 yana da haƙƙin sanin wanne ya saya. Haka kuma an jera kwalaben a kantar da rana ke haskawa da hantsi, alhali zafi da haske suna lalata irin wannan mai.

Ga mai haɗa humrar amare don sayarwa, kwalba guda za ta daɗe tana yi mata aiki, tunda ɗigo kaɗan ake sakawa, kuma zai bambanta haɗinta da na sauran. Wanda yake neman turaren shafawa kai tsaye gara ya nemi wani, domin ba a shafa shi tsagwaronsa a fata sai an sirka da wani mai marar ƙamshi, kuma idan ya yi yawa yana sa ciwon kai da tashin zuciya. Duk mai niyyar saye ya nemi a ɗauko masa kwalba daga cikin kwali, kuma ya ɗiga kaɗan a ƙyalle ya zaga kasuwa ya dawo kafin ya yanke shawara.