Ajin kyauta ko ajin biya: wanne ya fi wa dattijo?

Kamfanonin da ke koya wa tsofaffi amfani da waya da kwamfuta iri biyu ne: masu cewa darasi kyauta ne, da masu yanke kuɗi tun daga ƙofa.

Kyauta da daɗin ji, amma malami albashi yake ci, dole kuɗin ya fito daga wani wuri. Wani lokaci daga aljihun ɗalibin yake fita ta bayan fage: a ɗora masa manhajar da ke zarar kuɗi duk wata, ko a miƙa lambar wayarsa ga 'yan talla. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Wasu tallafi ne ke riƙe da su, kuma ba sa ɓoye mai biya.

Mai karɓar kuɗin ma ba waliyyi ba ne, yana iya jan darasin wata guda ya kai shida. Sai dai ka san abin da ka saya.

Ni hannun malami nake kallo. Baba na laluben harafi, yatsa na rawa. Wani malamin sai ya karɓe wayar: "Kawo Baba, faɗa min lambar sirrin." An gama da wuri, amma an saba wa tsoho da miƙa sirrinsa ga baƙo, abin da ɗan damfara ke so ke nan ranar da zai kira yana neman lambobi 6 da WhatsApp ya turo. Wani kuwa kau da kai yake yi har Baba ya gama dannawa, ko da za a ci minti biyar. Irin wannan malamin ya fi ɗorewa inda ba a auna shi da yawan abin da ya sayar.