Ƙaramin injin MIG mai amp 200: yana da kyau, amma sai ka iya saita shi

Ƙananan injinan walda na MIG, wato waɗanda ke turo siririyar wayar walda da kansu ta cikin toci (abin da ake riƙewa a hannu) gas yana kare waldar daga iska, masu amp 200, irin na China da ake ɗauka da hannu ɗaya, sun dace da mai haɗa get, ƙyaure da taga a Gusau ko Ƙauran Namoda. A siririn fayif sun fi sandar walda tsabta da sauri nesa ba kusa ba. Inda ake samun matsala shi ne maɓallai biyun nan na gaba, na boltej da na gudun waya.

Gudun waya shi ke kawo zafi da nutsewar walda cikin ƙarfe, domin yawan wayar da ke fita shi ne yawan amp. Boltej kuwa tsawon wutar da ke tsakanin waya da ƙarfe da faɗin walda yake gyarawa. Saboda haka kaurin ƙarfe za ka fara dubawa ka saita gudun waya, sannan ka bi shi da boltej. Kowace milimita ɗaya ta ƙarfe tana son amp 40 ko kusa da haka. Da waya mai kaurin milimita 0.8, fayif mai kaurin milimita 1.5 zai so gudun waya mita 3 a minti da bolt 16 zuwa 17. Ƙarfe mai milimita 3, mita 6 da bolt 18 zuwa 19. Idan ya kai milimita 5 ko 6, gara ka koma waya 1.0, a nan ma injin ya kusa ƙurewa. Mai amfani da gas ɗin CO2 zalla ya ƙara bolt ɗaya ko biyu a kan waɗannan, domin teburin lambobin saiti da ake mannawa a cikin murfin irin waɗannan injina sau da yawa na gaurayen gas ɗin argon ne.

Lambobin mafari ne kawai. Ka gwada a guntun ƙarfe irin na aikin, ka saurara. Idan saiti ya zauna, ƙarar tana tafiya bai ɗaya kamar ana suyar ƙosai. In waya tana dukan ƙarfe tana turo hannunka baya, walda ta yi tudu siririya, boltej ya yi ƙasa. In kuma wayar tana narkewa tun daga sama tana ɗigowa da manyan tartsatsi, har ta manne a bakin tagulla na tocin, boltej ya yi yawa ko waya ta yi jinkiri. Maɓalli ɗaya za ka taɓa a lokaci guda, rabin bolt rabin bolt. Kuma ka bar wayar ta leƙo kamar milimita 10 daga baki. In ka ja hannu nesa, zafi ya ragu ko da ba ka murɗa komai ba.

Raunin injin na farko rolar da ke tura waya. Ba ta da ƙarfi sosai, ga ƙurar hunturu tana cika bututun da wayar ke bi, sai ta riƙa fita tana tsayawa, mutum ya yi ta zargin saiti. A hure bututun da iska, a rufe naɗin waya in an tashi aiki, a kuma tabbatar ramin rola daidai yake da kaurin wayar. Na biyu, wayar lantarkin da ake damƙa wa ƙarfe siririya ce, ta cancanci a sauya ta tun ranar farko.

Walda a bakin titi kuma iska na kwashe gas, sai ka ga ƙananan ramuka a jikinta. Gas lita 10 zuwa 15 a minti ya isa idan an kare wurin da falle. In ba hali, a sa waya mai hoda a ciki wadda ba ta buƙatar gas, amma sai an juya wayoyin lantarkin injin, tocin ya koma kan alamar ragi. A duba injin yana da wannan damar kafin a biya kuɗi.

Wutar lantarki ma tana da tata matsalar. Idan ta yi ƙasa, saitin safe ba zai yi da rana ba, doguwar siririyar waya daga soket kuma tana ƙara ɓata shi. A sa mai kaurin 4mm. Janareta kada ya gaza kVA 7. A zafin Afrilu injin zai riƙa yanke kansa idan aka matsa masa, a bar fankarsa tana juyawa har fitilar gargaɗin zafi ta mutu.

Ga mai aikin ƙarfe daga milimita 1 zuwa 4, ya cancanci kuɗinsa. Mai gyaran bodin tirela ko garma ya nemi babba mai amp 300 zuwa sama.