Baofeng UV-5R: yadda na gan ta, da inda sabon shiga ke maƙalewa wajen saita ta

Duk wanda ya fara leƙa harkar rediyon 'yan sha'awa, wato masu lasisin nan da suke hira da juna ta iska ba don kasuwanci ba, to kusan abin da za a fara nuna masa shi ne Baofeng UV-5R. Wani kamfanin China ne ke yin ta, tun 2012 take kasuwa kuma har yau ba ta daina tafiya ba saboda arhar ta. Ni ina amfani da ita, kuma a ganina oba-oba ce mai kyau ta koyo da saurare, amma wanda ya saya da tunanin zai farke kwali ya danna kawai ya ji shi yana magana da wani can wani gari, to wannan ba zai daɗe ba zai jefa ta durowa yana cewa an cuce shi.

A cikin kwalin za ka samu ita na'urar, batir mai 1800 mAh, cajar da ake dasa ta a kai (ja tana caji, kore ta cika), 'yar gajeriyar eriya, maƙalin ɗamara da abin sa wa a kunne. Tana aiki a zango biyu, VHF daga 136 zuwa 174 MHz da UHF daga 400 zuwa 520, ko da yake na farko-farko a 480 suke tsayawa. Ƙarfinta wat 4 zuwa 5 in ka sa ta a sama, wat 1 a ƙasa, tana ajiye tasha 128, ga tocila a ka, ga FM na jin labarai in ka taɓa maɓallin CALL. Ka kula dai kar ka riƙe CALL ɗin da yawa, jiniya za ta saki.

Maganar nisa ita ce ta fi jawo rigima. Masu talla a intanet sai su rubuta maka kilomitoci masu yawa kai ka ce da wayar salula kake ciniki, alhali VHF da UHF tafiyarsu kamar hasken tocila ce, inda ya miƙe nan yake zuwa, gini ya tare shi, tudu ya tare shi, ita kanta ƙasa da take lanƙwasa ta tare shi. Mutum biyu a tsaye a fili fetal ba komai tsakaninsu, lissafi ya nuna wajen kilomita 10 ne iyakarsu, a cikin gari kuwa mai gine-gine in ka samu biyu ko uku ka gode Allah. Ƙara wat ba ya gyara wannan sosai. Hawa sama shi ne magani, ka hau bene ko tsauni ka ga yadda muryoyin da ba ka ji a ƙasa za su fito tar. Shi ya sa 'yan harkar suke kafa rifita, na'urar da ake ɗorawa a kan hasumiya ko dutse, ta karɓi maganarka a mita ɗaya ta sake watsa ta a wata mitar da ƙarfi, to da ita ne 'yar oba-obar hannu ke kai kilomita gomomi.

To a wajen shiga rifitar ne UV-5R take nuna halinta, don gaskiya menu ɗinta ba a yi shi don a fahimta da sauƙi ba, gajerun haruffa ne kawai SQL, TXP, TDR, SFT-D, kuma ɗan littafin cikin kwalin bai cika warware komai ba. Ga yadda abin yake da hannu. Ka danna VFO/MR har ta koma inda ake buga mita, ka tabbatar kana layin sama wato A, ka kashe TDR a menu 7 don kar ta yi ta tsalle tsakanin layukan biyu kana cikin aiki. A ce rifitar tana fitowa a 145.600, sai ka buga 145600. Ka shiga menu 25 ka zaɓi alamar ɗebewa, menu 26 ka sa tazarar 600 kHz wadda ita ce aka saba da ita a ɓangaren VHF na 'yan sha'awa da ake ce wa zangon mita 2, kenan in ka danna PTT, wato maɓallin da ake dannawa a yi magana, za ka ga allon ya koma 145.000, can rifitar take sauraro. Saura menu 13, T-CTCS, nan ne ake sa wani siririn sauti da kunne bai cika ji ba, tsakanin 67.0 da 254.1 Hz, wanda in babu shi yawancin rifitoci ba za su kula ka ba ko da a gindin hasumiyar kake. Ba ka ƙirƙirar lambar da kanka, masu rifitar ne ke faɗa. Kuma T-CTCS fa, ba R-CTCS na menu 11 ba, in ka sa lambar da ba daidai ba a 11 kunnenka ka toshe, za ka ga fitilar kore na kamawa alamar ana magana amma shiru kake ji.

Ajiye tashar ma da nata salon. Sai gurbin ya zama babu komai a ciki, in da abu ka fara goge shi a menu 28, sannan menu 27 ka ajiye sau ɗaya don mitar karɓa, ka fito ka danna alamar tauraro allon ya juye zuwa mitar aikawa, ka koma 27 ka sake ajiyewa a gurbin dai. Sau biyu. Wanda ya yi sau ɗaya zai ji kowa amma ba mai jin sa. Kuma menu ɗin ba ya jira, ka tsaya tunani 'yan daƙiƙu ya fice ka faro daga farko.

Saboda haka ni shawarata kada ka saye ta ba tare da kebul ɗin kwamfuta ba. Akwai manhaja kyauta mai suna CHIRP, wani ɗan harkar ne Dan Smith ya fara ta, tana aiki a Windows da Mac da Linux, za ta buɗe maka tashoshin 128 a jere kamar jadawali ka cike ka tura, har suna za ka iya ba kowace tasha, abin da ba ya yiwuwa ta madannan jikinta. Abu na farko ka sauke abin da ke cikin na'urar ka adana shi gefe kafin ka taɓa komai. In ta ƙi haɗuwa, yawanci filogin mai baki biyu ne bai shige ba, sai ka danna shi da ƙarfi har ka ji ya zauna, sannan ka ƙure murya. In har yanzu shiru to kebul ɗin ne, kasuwa ta cika da masu jabun cif ɗin Prolific waɗanda sabon direban Windows ba ya karɓa, mai cif ɗin FTDI ko CH340 ya fi kwanciyar hankali. Duk da haka ka koyi na hannun, ranar da kake waje aka ba ka sabuwar mita ba kwamfuta a kusa za ka gode.

Eriyar da take zuwa da ita ta lallaɓawa ce kawai, musamman a VHF. Yawancin mutane suna canza ta da Nagoya NA-771 mai tsawon kusan santimita 39, kuma ana jin bambanci, sai dai ita ma jabunta ya yi yawa. Wajen saye ka lura bakin eriyar ya zama SMA mace, don a jikin na'urar namijin yake, akasin yawancin na kamfanonin Japan. Akwai wata dabara mai sauƙi, ka samu 'yar waya mai tsawon santimita 50 ka naɗa bakinta a gindin eriyar ka bar ta tana reto, tana taimakawa a zangon mita 2. Ka riƙe na'urar eriya na kallon sama, ba a kwance ba, ka danna PTT ka ɗan jira kafin ka fara magana in ba haka ba kalmarka ta farko za ta yanke. Kuma kada ka taɓa danna PTT ba eriya a jiki.

Inda arhar take fitowa fili shi ne kunnenta. Kusan duk aikin karɓa da aikawa cif guda ke yin sa kuma matatar da ke gabansa ba ta da ƙarfi, saboda haka a kusa da hasumiyar gidan rediyo ko tsakiyar birni mai cunkoson sigina sai ta kurmance, abin mamaki wani lokacin in ka jona ta da babbar eriyar waje abin ƙaruwa yake don yanzu ta kwaso hayaniyar da ta fi ƙarfinta. Sannan ƙungiyar 'yan sha'awar rediyo ta Amurka, ARRL, ta yi ta auna oba-obar mutane a taron Dayton Hamvention, aka samu da yawa cikin na Baofeng suna zubar da sigina a mitocin da ba nasu ba fiye da yadda doka ta yarda. Ba duka ba ne, amma kai da ke riƙe da taka ba ka da hanyar sani sai an ɗora ta a na'urar awo. Wanda ya san zai daɗe a harkar, Yaesu FT-65 ko FT-60 sun fi ta kunne nesa ba kusa ba. Mai son jin jiragen sama kuma ya haƙura da ita, su AM suke yi tsakanin 118 da 137 MHz, ita kuwa FM kaɗai ta iya, Quansheng UV-K5 ce ke kama wannan.

Abin da ya fi damuna da ita shi ne ba ta san a'a ba. Rabon 'yan sha'awa a Afirka da Turai 144 zuwa 146 ne da 430 zuwa 440, a Amurka 144 zuwa 148 da 420 zuwa 450, amma ita tsohuwar UV-5R duk inda ka buga cikin zangonta za ta aika, har 156.800 da jiragen ruwa ke neman agaji a kai. Tashoshin da take zuwa da su daga masana'anta ma na gwaji ne, ba wai an halatta maka su ba ne, ka goge su. A 2018 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, sai da ta fitar da gargaɗi kan shigo da ire-iren waɗannan, shi ya sa wasu sababbin suke zuwa a kulle. Aikawa sai da lasisi da alamar kira, wato haruffa da lambobin da ake gane ka da su a iska, daga hukumar sadarwar ƙasarka, kuma ko da lasisin ba a kasuwanci a kai, ba a sa kiɗa, ba a ɓoye magana, duk mai na'ura yana jin ka. Kafin lasisin ya fito, a CHIRP ka sa Duplex na kowace tasha a off, ko ka danna PTT bisa kuskure ba abin da zai fita.

Kuma sauraron kansa ba ƙaramin abu ba ne. Ka sa 145.500 in kana Afirka ko Turai, 146.520 in kana Amurka, nan ake kiran juna kai tsaye, za ka koyi yadda ake faɗin alamar kira da Alfa Bravo Charlie, yadda ake barin tazara tsakanin magana, da 73 da ake sallama da shi. In wajenku shiru ne, to akwai tashar sararin samaniya ta ISS da ke shawagi wajen kilomita 400 a sama tana zagaya duniya kusan duk minti 90. Tana da rifita da ke sauka a 437.800, sannan a 145.800 ne 'yan sama jannati ke hira da 'yan makaranta, wani lokacin kuma su turo hotuna ta SSTV, sautin kamar tsuwwa, ka kara wayarka a sifika wata manhaja ta zana maka hoton layi-layi. Ka duba lokacin wucewarta a manhajar bin tauraron ɗan'adam, ka fita fili, ka mayar da SQL, wato matoshin hayaniya, sifili ka jure shuuu ɗin, ka riƙa karkata eriyar a hankali har muryar ta fito. Wucewar ba ta fi minti goma ba, kuma a 437 mitar tana zamewa saboda gudun tashar, sai ka fara daga 437.810 kana saukowa da 5 kHz har 437.790 lokacin da take faɗawa.