Kallon finafinai a ɗakin taro a Katsina: an yanke mana daɗi a tsakiya

Samarin da suka shirya kallon finafinan nan na ƙarshen mako a wani ɗakin taro da ke wajen GRA sun yi abin da aka daɗe ba a yi mana ba a garin nan, wannan kam sai a yaba musu. Mu yanzu fim ya koma cikin waya. Ko ka je wurin masu turi a loda maka, ko ka ƙona data a YouTube kana bin shiri mai dogon zango kai kaɗai. Shi ya sa da na ga tallar a WhatsApp, dare biyu, sabon fim ɗin soyayya, na barkwanci, na sarauta, da gajerun finafinai irin waɗanda ake kaiwa bukukuwan baje kolin finafinai, ban yi shawara da kowa ba na yanki tikiti, ni da maiɗakina.

Na sarautar ne ya ja ni. Tun da aka ɗauki fim ɗin Mai Martaba a Daura, har aka zaɓe shi a 2024 ya wakilci Najeriya a gasar Oscar, nake ƙishirwar ganin irin wannan aiki a babban allo, inda doki zai fito doki, rawani ya fito rawani. Na soyayyar ba laifi, waƙoƙi sun ɗan yi yawa. Na barkwancin an yi dariya.

Amma abin da ya tsaya mini a rai wani gajeren fim ne daga Nijar, wanda ko sunansa ba a sa a talla ba. Wanda ya gabatar da shi ya ce irin finafinan da ake kaiwa FESPACO ne, bikin nan na Wagadugu da ake yi tun 1969, duk bayan shekara biyu. Hausar Maraɗi zalla, wadda duk Bakatsinen da ya taɓa bi ta Jibiya ya tsallaka zai ji ta kamar a gidansu. Labarin wata dattijuwa mai fura ce, ɗanta ya bi hanyar Agadas ya tafi neman kuɗi, shiru ba labari. Kullum da yamma sai ta kai ƴar wayarta wurin mai caji, ta zauna a benci tana jira. Babu kiɗa, babu waƙa, babu mai faɗuwa yana kuka. Akwai inda aka daɗe a kan hannunta tana dama fura, ba ka jin komai sai ƙarar ludayi a jikin ƙwarya, ga yatsun duk sun tsattsage. Wallahi ɗakin nan da samari ke ta surutu da danna waya, sai ya yi tsit. Maiɗakina, da ta ce ita soyayyar kawai ta zo gani, na ga tana share ido da bakin gyale.

To sai ga wayar dattijuwar ta yi ƙara. Mai cajin ya miƙo mata, ta goge hannu a zani za ta karɓa, kawai sai aka kunna fitilun ɗakin gaba ɗaya, allo ya yi fari fat. Mun ɗauka janareta ne. Ashe wai an ba da hayar ɗakin ga masu dina, lokacinsu ya yi. Muna zaune ma'aikata suka fara shigo da kujerar amarya da ango, DJ yana gwada sifika a kanmu.

Na samu ɗaya daga cikin masu shirin a bakin ƙofa na ce, "Haba ɗan samari, minti nawa ya rage da ba za a bari mu ƙarasa ba?" Ya ce, "Don Allah Baba ka yi haƙuri, masu wurin ne suka matsa, gobe in sha Allahu da shi za mu fara." Yaron yana da ladabi, har ya ɗan rusuna, shi ya sa na haɗiye sauran maganar.

Washegari ba a fara da shi ba, ba a kuma ƙare da shi ba. Wai wanda fim ɗin ke cikin kwamfutarsa ya koma Kano da safe. A nan ne duk abin da na yi niyyar yafewa ya dawo mini sabo. An rubuta bayan Magariba, ba a kunna majigi ba sai da aka daɗe da idar da Isha'i, kuma wannan jinkirin nasu ne ya kai mu cikin lokacin masu biki, ba laifin masu wurin kaɗai ba ne. Kujerar da suka kira ta manyan baƙi, aka karɓi ƙarin kuɗi a kanta, ta roba ce aka lulluɓa wa ƙyalle. Sifikar gefen hagu tana ɓarɓara, duk sanda aka buga tambari a fim ɗin sarautar sai maganar Waziri ta ɓace. Fim ɗin kansa ya yi kyau, hotonsa ya fita, dawakai da ƴan lifida sun cika allo yadda nake so, amma zuciyata ba ta wurin.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne irin waɗannan finafinan ba a cika samunsu ba. Masu su kan riƙe su suna zagaya bukukuwa da su, daga Zuma a Abuja zuwa AFRIFF a Legas, kafin su sake su. Na duba YouTube babu, na tambayi mai turin unguwarmu a Ƙofar Marusa, bai ma taɓa jin labarinsa ba. Har yau maiɗakina tana tambayata ko ɗan ne ya kira, ni kuma ba ni da amsa.

Na ji suna cewa za su sake shiryawa bayan Sallah. Ba zan yanki tikiti ba sai na ga an rubuta lokacin tashi a jikin tallar, an kuma tabbatar mana ɗakin namu ne har ƙarshe. In kuwa suka dawo da fim ɗin mai fura, ko a tsaye ne zan kalla.