Farantin da na fasa a Burslem

Yaya, ina gaisuwa, da su Hajiya da yara da duk mutanen Aboabo. Kun ishe ni da tambayar sanyi da kuɗin haya. Yau a ajiye wannan, labarin faranti zan ba ku, don sati uku ke nan abin ya ƙi barin raina.

Cikin tsofaffin da nake kula da su akwai wata a Burslem, nan cikin birnin Stoke na Ingila. Ta haura tamanin, kuma tun tana budurwa take zana fure a jikin tangaran a masana'anta, har ido ya gaza. Ranar wata Talata ina wanke-wanke, hannu duk kumfa, faranti ya suɓuce mini. Tas! Gida uku. Fari ne mai bakin zinare da 'yan furanni shuɗaye, cikin saitin da aka ba ta ranar aurenta a 1961. Wallahi cikina ya ɗuri ruwa. Na shiga ba da haƙuri kamar wadda ta kashe rai, a zuci kuma ina lissafin albashin wata.

Ita ko gezau. Ta ce in miƙo mata ɓallin tsakiya. Ta kifa shi, ta gyara tabarau, ta karanta gindin: zaki a kan kambi, sunan kamfanin Royal Doulton, da wata lamba mai farawa da harafin H. Sai ta ba ni lambar waya ta ce in kira. Ashe, Yaya, akwai mutanen da ba su da sana'a sai nemo wa faranti ɗan'uwansa, ko da an daina yin irinsa da daɗewa. Ita masana'antar Royal Doulton ma ta Burslem an rufe ta tun 2005. Matar da ta ɗauki wayar lambar kawai ta tambaya, da faɗin farantin. Ta ce suna da guda biyu, ɗaya zinarensa ya ɗan goge, don haka ya fi araha. Da bakinta ta faɗi aibin kayanta! Nan take na tuna kasuwar Kejetia ta Kumasi, inda mai kaya zai dafe tsaga da babban yatsa yana rantse-rantse. Bayan kwana huɗu sai ga kwali a ƙofa, an naɗe farantin kamar jinjiri. Fam 22 har da kuɗin aike, kuma tsohuwa ta hana ni biya.

Waɗanda suka ɓata mini rai masu aikinmu ne. Sai da suka sa na cika takarda shafi uku: ƙarfe nawa ya fashe, da wane hannu na riƙe, ko na yanke. Mai abu ta yafe, ofis bai yafe ba.

Tun ranar tsohuwa ta mai da ni ɗalibarta. Ta sa na ɗaga faranti saitin taga, na ga inuwar yatsuna ta bayansa. Ta ce wajen rabin haɗin tokar ƙashi ce. Na zaro ido na ce ƙashin me? Don kun san mu da tsoron alade. Ta yi dariya har da tari, ta ce na shanu. Josiah Spode ne ya daidaita wannan haɗin a nan garin a shekarun 1790, shi kuwa Josiah Wedgwood a Burslem ɗin nan ya kafa tasa masana'antar tangaran a 1759. Ta koya mini ƙwanƙwasa baki da farce: lafiyayye ya yi ƙara siririya mai tsawo, mai ɓoyayyar tsaga ya ce ƙwas ya yi shiru. In kin ga an buga sunan Ingila a gindi, galibi bayan 1891 aka yi shi, lokacin da Amurka ta wajabta rubuta ƙasar da kaya suka fito. In kuwa an karce tambarin, na biyu ne, mai ɗan aibi, kar a yi miki tsada. Mutanen garin nan ko gidan abinci suka shiga sai sun kifa faranti sun duba asalinsa kafin su zauna daidai. Da ina yi musu kallon marasa kunya, yanzu cutar ta kama ni. Ranar Lahadi ina kasuwar da ake baje kaya a bayan mota, ina ta kife-kife.

To mu fa? Ki tuna kabet ɗin Hajiya. Kwalla a kan kwalla, tasoshi, da tangaran ɗin da Baba ya sayo mata, ana kulle da makulli sai sallah a goge ƙura. Shekara arba'in ba wanda ya ci tuwo a ciki, ba kuma wanda ya taɓa juya su ya ga daga ina suka fito. Da Inna ta rasu ma ai kin ga yadda aka yi: aka raba saitin ɗaya-ɗaya don kar wani ya ce an cuce shi, kwanukan aka miƙa wa 'yan kondem, aka cika ɗaki da roba. Jeren amarya yanzu kuwa a ga yawa ne kawai, wata shida fenti ya fara baje.

Amma kar ku ɗauka su ma sun tsira. Ɗiyar tsohuwar nan ta ce ba ta son saitin, wai ba ya shiga injin wanke-wanke, zinaren kuma yana tartsatsi a na'urar ɗumama abinci. Shagunan sadaka cike suke da irinsa, saiti guda kuɗinsa bai kai cefanen sati ba. Kuma me ake ci a farantin? Biredi mai sanyi yanka biyu, mutum shi kaɗai, yana kallon bango. Sai in tuna kwanonmu mai ɓallen baki da ke yawo gida-gida da magariba, ya tafi da tuwon zafi ya dawo da wake da shinkafa. Ranar Juma'a na yi mata miyar ayoyo na zuba a sabon farantin. Ta ci tana hawaye, ta ce yaji ne.

Yanzu dai, Yaya, ki lallaɓa Hajiya ta ba ki makullin. Ki shimfiɗa zane a ƙasa, ki fito da su ɗaya bayan ɗaya, ki ɗauko mini hoton gindin kowanne a hasken rana. Kar soson ƙarfe ya taɓa mai bakin zinare, kuma ki kori yara waje kafin ki fara.