Ƙananan littattafai masu murya sun fi katon littafin atisaye ga ɗan ajin Faransanci

Hajiya, ki riƙe kuɗinki, kada ki sayi katon littafin atisayen nan da kika turo hotonsa. Tsakanin shi da ƙananan littattafan karatu masu murya da kika tambaya, na biyun za ki ɗauka, tunda ke ba ki jin Faransanci kuma ɗanki, da ake koyar da shi da Faransanci, yana aji 2.

Na sha wannan a Maris na 2020, lokacin da korona ta sa aka rufe makarantun lardin Ontariyo na Kanada har ƙarshen shekarar karatu. Autata tana aji 1 a lokacin, a tsarin nan da ake koyar da yara kusan komai da Faransanci. Ma'aikatar ilimi ta ce awa 5 a mako ya ishi yaran ƙananan azuzuwa, wato awa ɗaya a rana, amma ni hankalina bai kwanta ba. Gani nake harshen zai zube mata, domin a gidanmu Hausa ce da Turanci.

Abin da ya cece mu manhajar Boukili ce, ta TFO, gidan talabijin na Faransanci na Ontariyo. Kyauta ce. Littattafai ne gajeru masu hotuna, an jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kuma akwai muryar da ke karanta wa yaro. Kullum bayan karin kumallo sai mu zauna a teburin kicin. Ta saurari labarin sau ɗaya tana bin layi da yatsa, sannan mu kashe muryar ta karanta da kanta. Ba na mantawa da ranar da ta tsaya a kan kalmar oiseau. Ta kalle ta, ta kalle ni, ni ma ban san yadda ake furta ta ba. Muka mayar da muryar, muka ji an ce "wazo". Ta yi dariya ta ce, "Mama, ai tsuntsu ne, malamarmu tana faɗa!" Ashe kalmar tana kunnenta tun daga aji, idonta ne bai taɓa haɗa ta da rubutun ba. Daga ranar duk inda ta ga eau ta san "o" ce, har ta riƙa nuna mini ita a jikin kwalin madara da na sabulu, tunda a Kanada kusan kowane kwali da harsuna biyu yake zuwa.

Nan ne matsalar take ga mu iyayen da ba mu yi Faransanci ba. Rubutunsa da furucinsa ba su tafiya tare kamar na Hausa. Harafin ƙarshe na petit ba a furta shi, haka na beaucoup. Idan ke ce za ki karanta masa, da kuskure za ki koya masa, ranar da aka koma makaranta malamar ta fara warware abin da kika ɗaura. Yaro a wannan shekarun kunne yake buƙata kullum, ko da minti 20 ne.

Littafin atisaye kuwa na saya, ba zan ce ba shi da amfani ko kaɗan ba: hannunta ya saba da rubutu. Shafi 12 muka yi ya koma kan kanta, don umarnin kowane shafi da Faransanci yake, ni kuma ba na iya duba ko ta yi daidai.

Wani abu da ba ki tambaya ba: ki yi hattara da masu tallar littattafai a shafukan saye da sayarwa. Wata ta sayar mini da abin da ta ce littafin tsarin karatun Ontariyo ne, da ya iso sai na ga kwafi ne da aka buga a gida, tawada ta dushe, an rubuta CE1 a bangonsa. Wannan sunan aji ne na tsarin Faransa, irin wanda 'yan'uwanmu na Nijar suka sani. Ko kalmomin ba duka suke ɗaya ba. A nan déjeuner karin kumallo ne, souper abincin dare, a Faransa kuwa déjeuner abincin rana ne. Da na nemi a mayar mini da kuɗina ta daina ɗaukar waya. Duk wanda ya ƙi nuna miki shafukan ciki kafin ki biya, ki rabu da shi. Haka masu cewa su malaman darasi ne ta intanet suna neman kuɗin wata 3 a gaba.

Idan kuna da dangi a Maradi, Damagaram ko Yamai da suka yi boko, ki roƙi ɗaya ya riƙa kiran yaron ta bidiyo sau biyu a mako. Ƙanwar maigidana ce ta yi mana haka. Ƙarfe 10 na safe a nan ya yi daidai da ƙarfe 3 na rana a can a lokacin bazara, sai autar ta karanta mata labarin ranar, ita kuma ta yi mata tambayoyi.

Ki sauke Boukili yau, ki fara masa daga matakin da ya fi sauƙi ko da ya ce ya wuce nan. Idan ɗakin karatun unguwarku a buɗe yake, ki je da katinki ki ce a nuna miki sashen Faransanci na yara.